Jar Motar Sekanji

Shekara talatin da ɗoriya Hunsu ya yi yana tuƙa motocin mutane. Jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano, a jera su a filayen Sekanji, 'yan kasuwar Nijar da na Najeriya su zo su taya, shi kuma a miƙa masa makulli. Ya kama hanyar arewa har Malambil, ya haye gada ya danƙa wa mai ita a Gaya, ya hau motar haya ya dawo da ciwon baya. Babu irin motar da bai zauna a gaban sitiyarinta ba, ko ɗaya kuma ba tasa ba ce. Abin da ya mallaka mai taya shi ne wani tsohon babur, shi ma sai an tura.

Da aka hana shigar da motoci Najeriya ta ƙasa, kasuwar ta kwanta, ba ta sake miƙewa yadda take ba. Filayen da a da ba ka samun wurin taka ƙafa, ciyawa ta fara cinye su. Direbobi suka koma zaman inuwa. Wanda ya samu tafiya ɗaya a wata sai a yi masa barka.

A filin Misye Jamil, ɗan Labanan ɗin da Hunsu ya fi daɗewa yana yi wa aiki, akwai wata jar mota can jikin katanga. Ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol ne mai naɗewa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tun da ta zo tsohuwa ce, ta kuma ƙara tsufa a wurin. Duk mai saye in ya zagayo kanta dariya yake yi. Wani Alhaji daga Maraɗi ya taɓa leƙa bayanta ya ce ko buhun gero ba za ta ɗauka ba, balle iyali.

Ranar da aka sauke ta daga jirgi, Hunsu ne ya kawo ta fili. A kan titin Fotonobo ya samu sarari, ya ɗan taɓa totur, ba da wata niyya ba. Motar ta manne shi da kujera, iska ta cika masa baki, kafin ya ankara har ya wuce kwanar filin. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Mutum mai jikoki bai kamata ya bar irin wannan ya zauna masa a rai ba, amma ya zauna. Tun daga ranar, duk mako sai ya je ya tayar da ita don kada batir ya mutu, ya goge ta, ya rufe. Ba wanda ya sa shi. Burinsa guda ne: wata rana ya hau titin Wida da ita, ya taka har ƙasa, ya ji iyakarta.

Wata Talata yana cikin gugar, Misye Jamil ya zo ya tsaya a kansa yana taunar ƙarshen sigari.

"Hunsu, matarka ta san da wannan amaryar?"

"Maigida, ina hana ta lalacewa ne."

"Ka daina wahala. Ƙarshen shekara zan tattara in koma gida. Abin da bai saidu ba, 'yan gwangwan za su farfasa."

Hunsu ya miƙe, tsumma a hannu. "Har da ita?"

"Ita ce ma ta farko. Sai dai in kai za ka saya." Ya faɗa ne da wasa. Da ya ga fuskar Hunsu sai ya cire sigarin daga baki. "Miliyan biyu. Don kai ne. Kawo fiye da rabi ka ɗauke ta, sauran ka riƙa kawowa kafin in tafi. Amma takardu suna aljihuna sai ka cika. Ba don ban yarda da kai ba. Ban yarda da kowa ba ne."

Hunsu ya fara da banki, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Yarinyar da ke kan tebur ta saurare shi da ladabi, ta tambayi shekarar da aka ƙera motar. Da ya faɗa, ta ɗago.

"Papa, motar nan ta girme ni."

"Injinta ƙalau yake, 'yata."

"Ba ma ba da rance a kan motar da ta wuce shekara goma. Kuna da albashi?"

"Direba ne ni."

"Takardar fili fa?"

Gidan da yake ciki a unguwar Agla na gado ne, shi da 'yan'uwansa. Ya yi mata godiya ya fito. Ko haushi bai ji ba.

Saura adashi. Direbobin Sekanji suna da nasu tun zamanin da kasuwa ke ci. Lahadin farko ta kowane wata suke haɗuwa a gindin wani mangwaro bayan tasha, kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwashe. A wannan zagayen Hunsu ne na ƙarshe, sai nan da shekara da wani abu. Kowa kuma ya san yanzu kwasar ƙarshe ba abin dogaro ba ce, domin tuni mutum biyu suka fara kawo uzuri maimakon kuɗi. Wanda zai kwasa a watan nan Sagbo ne.

Sagbo yaronsa ne a da. Hunsu ne ya koya masa tuƙi, shi ya fara kai shi arewa, shi ya tsaya masa ranar aurensa. Yanzu shi ma furfura ta fito masa, amma har gobe ba ya zama kafin Hunsu ya zauna, kuma Fofo yake ce masa, wato yaya. Hunsu ya san in ya roƙa, bakin Sagbo ba zai iya cewa a'a ba. Sanin haka ya kamata ya hana shi roƙon. Sai ma ya zama shi ne ya ba shi ƙarfin gwiwa.

Ya same shi a rumfar mai tuwon masara, ya saya masa kifi.

"Sagbo, mu yi musaya. Ka ba ni watan nan, ka ɗauki nawa."

Sagbo ya daina tauna. "Lafiya, Fofo? Wani ne ba lafiya?"

"Jar motar nan ta filin Jamil."

Sagbo ya yi dariya har ya ƙware, ya sha ruwa, sannan ya gane ba wasa ba ne. Ya dubi kwanonsa.

"Fofo, ka san kuɗin nan na tsohuwa ne. Ajiyewa zan yi. Ranar da Allah ya kira ta, ni ne babba, ni za a kalla."

"Tsohuwar da na gani a Alada da Ista tana faskara itace? Ita za ta binne mu duka."

"Haka ne, da ƙarfinta."

"To?"

Sagbo ya daɗe yana juya loma a cikin miya. "Yadda ka ce, Fofo."

Ranar Lahadi aka faɗa wa jama'a. Musayar kwasa ba baƙon abu ba ce a wurinsu, ba a kuma rubuta ta. Shugaban adashin ya tsiyaya sodabi, barasar da ake tacewa daga bammi, a ƙaramin kofi, ya zuba kaɗan a ƙasa don magabata su shaida, Hunsu ya kurɓa, Sagbo ya shanye sauran. Sannan shugaban ya faɗi abin da ake faɗa kullum: wanda ya karɓi watan ɗan'uwansa ya karɓi duk abin da zai faɗo wa ɗan'uwan kafin nasa ya zo. Hunsu ya ce ya ji. Hankalinsa yana kan makulli.

"Fofo, in ka ɗauko ta ka zo ka ba ni lif," in ji wani daga baya. "Ni da akuyata."

"Akuyar ta zauna a gaba, kai ka bi mu da gudu," in ji Hunsu. Aka yi dariya. Rabon da ya yi raha irin wannan har ya manta.

Washegari ya kai wa Misye Jamil kuɗin, ya haɗa da na babur ɗin da ya sayar. Ya fito da motar a hankali ta bayan gari, yana kauce wa duk mahaɗar da 'yan sanda ke tsayawa. A bakin layinsu ya taka birki. Layin yashi ne mai zurfi, tsakiyarsa kuma ruwan damina ya kwanta kore shar. Shekara da shekaru yana bin layin nan da ƙafa da babur, bai taɓa auna shi da cikin motar ba sai yau. Ya gwada. Taku kaɗan ta zauna a kan cikinta, tayoyin baya suna watsa yashi. Sai da samarin unguwa suka ɗaga ta kamar gado suka mayar kan titi.

Matarsa Afiyabi tana ƙofar gida tana suyar kifin da take sayarwa. Duk abin nan a kan idonta. Da ya ƙaraso ba ta ɗago ba.

"Baban Senami, ita ce waccan?"

"Ita ce."

"Ina zan sa kwandon kifi?"

"Ba ta kifi ba ce."

"Ta mece ce?"

Ya waiga ya dubi motar. Ta juya kifin ɗaya bayan ɗaya.

"Kuɗin wa?"

"Adashi."

"Naka sai baɗi."

"Mun yi musaya da Sagbo."

A nan ne ta ɗago ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai, "Allah ya ƙara wa tsohuwarsa lafiya," ta ci gaba da aikinta.

Motar ta samu masauki a harabar cocin da ke bakin titi, yana ɗan ba mai gadi na goro. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya ba ya yi mata, tari take yi, sai na gidan mai mai tsada. Ba takardu, don haka titin Wida ya haramta gare shi, shingen farko za a karɓe ta. Abin da yake yi da yamma shi ne ya naɗe rufin, ya bi ɗan titin da ke tsakanin coci da kasuwar unguwa, ya juyo. Bai taɓa wuce giya ta biyu ba. Yara su bi shi da ihu, 'yan acaɓa su wuce shi suna ɗaga masa hannu. Duk tafiyar arewa da ya samu, kuɗin kashi uku ne: zubin adashi, Misye Jamil, gidan mai. Cefane ya koma kan kaskon Afiyabi. Yana gaya wa kansa saura kaɗan, ranar da takardu suka zo hannu komai zai wuce.

Damina ba ta ƙare ba Sagbo ya zo harabar cocin da safe. Hunsu yana durƙushe yana wanke taya. Sagbo ya gaishe shi yadda ya saba, ya tambayi mutanen gida, ya yaba ƙyallin motar. Sannan ya ce:

"Fofo, tsohuwa ta tafi. Jiya, a gona. Ta zauna ta huta ne, ba ta tashi ba."

Hunsu ya ajiye soso. Ruwan sabulu yana bin hannunsa zuwa gwiwar hannu.

"Mun kawo ta mutuware nan Kwatano," in ji Sagbo. "Na ce bari in sanar da kai."

Bai ambaci kuɗi ba. Ba sai ya ambata ba.

Tsohuwar da ta haifi 'ya'ya ta ga jikokin jikoki ba a binne ta a ɓoye kamar wadda ba ta da kowa. Sai an yi akwati na kirki, an fitar da anko, an kafa rumfuna, an ɗauko 'yan badujala, an ciyar da duk wanda ya tako daga ƙauyukan dangi. Kafin a haɗa wannan, gawa tana jira a cikin sanyi, kowace safiya kuma kuɗin ɗakin yana ƙaruwa. Mai hali ya gama a makonni kaɗan. Marar hali, uwarsa ta kwana watanni a aljihun ƙarfe, gari kuma yana lissafa masa.

Hunsu ya koma wurin Misye Jamil ya ce a karɓi mota a ba shi abin da ya bayar.

"Na sayar, na kashe kuɗin," in ji Misye Jamil. "Shekara nawa tana nan ba wanda ya taya, kai shaida ne. In karɓa in kai ta ina?"

Ya bi dillalai. Kowa ya zo ya zagaya ta, ya zauna a ciki a ɗauke shi hoto, ya tambayi takardu, ya tafi. Wani bakanike ya ce zai sayi injin kaɗai, a kuɗin da bai kai na akwati ba. A gindin mangwaro ya roƙi wanda ke da kwasar wata mai zuwa, mutumin ya ce tasa ya riga ya ci ta bashi tun kafin ta zo. Ba wanda ya zage shi. Matsawa kawai aka riƙa yi a kan benci idan ya zauna, raha kuma ta daina biyowa ta kansa.

Mako ya bi mako. Ƙannen Sagbo suka fara zuwa daga Alada suna zama masa a gida. Ƙanwarsa Huwefa, wadda ke bi masa, ta tare Hunsu a bakin coci, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta miƙe ta dubi motar.

"Fofo, ashe wannan ce uwarmu. Ta yi kyau. Ja ya karɓe ta."

Ta wuce abinta.

Ran nan Sagbo ya ce zai je mutuware ya rage musu wani abu, Hunsu ya ce zai raka shi. Suka hau acaɓa ɗaya su biyu. Hunsu ya tsaya a waje gindin wata bishiya, inda wasu iyalai ke zaune da robobin abinci. Sagbo ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya zauna a kan dakali, ya cire hula ya riƙe.

"Na ce su nuna mini ita."

"Me ya kai ka?"

"Ta ƙanƙance, Fofo. Ta yi baƙi. Matar da ko da zafi sai ta rufa da zane biyu." Ya juya hular a hannunsa. "Sun ce in wata ya ƙare ban biya ba, za su sauko da ita layin ƙasa. Can sanyin ba ya kai wa sosai."

Hunsu ya zauna kusa da shi a kan dakalin. Da Sagbo ya ɗaga murya, ko ya ce masa kai ka jawo, da ya samu abin riƙewa. Amma har a lokacin, da mai sayar da ruwa ta zo, Sagbo ya saya ya fara miƙa masa.

Da ya koma gida ya zauna a kan turmi kusa da kaskon Afiyabi. Ta zuba masa tuwo da kan kifi. Bai taɓa ba.

"Kin yi shiru," ya ce.

"Me zan ce? Ka sha sodabi a gaban mutane."

"Ba mai saye."

"Kana neman mai son gudu ne, shi ya sa. Wa ke da kuɗi a garin nan yanzu? Ba masu motoci ba. Je ka wurin Madam Dosi. Kuma kada ka je a acaɓa kamar mai roƙo. Tafi da abin naka ta gani."

Madam Dosi ita ke da shagon kayan biki na mutuwa a bakin titin Kalabi. Akwatuna, rumfuna, kujeru, motar gawa, 'yan badujala da kayansu, duk a wurinta ake haya. Kasuwar motoci ta mutu, tata ba ta taɓa yin ko zazzaɓi ba. Hunsu ya ɗauki Sagbo, suka bi lunguna har can. Wannan ne karo na farko da Sagbo ya shiga motar. Ya zauna a takure, hannuwansa a kan gwiwa, bai taɓa komai ba.

Sun same ta a ƙofar shago a kan kujerar roba, ƙatuwar mace da tabarau a goshi, tana cin gyaɗa. Hunsu ya fara bayani a kan bashi, cewa Sagbo yana da kwasar adashi nan gaba.

"Tonton, tsaya," ta ce, tana kiransa kawu da Faransanci. "Wanda ya mutu ba ya dawowa, wanda ya binne shi ma ba ya dawowa shagona. Ba na ba da bashi." Idonta yana bayansa. "Waccan ta waye?"

"Tawa ce."

"Rufin yana buɗewa?"

Ya je ya naɗe shi. Ta taso da ƙyar, ta zagaya motar, ta ƙwanƙwasa ƙofa da zobenta. Ba ta tambayi inji ba, ba ta tambayi gudu ba. Ta kira wata ma'aikaciyarta ta ce ta ɗauko babban hoton nan mai firam na zinariya da ke jingine a ciki, ta shiga ta zauna ta ɗaga shi. Madam Dosi ta ja da baya zuwa tsakiyar titi, ta karkata kai tana kallo.

"Kullum a bayan a-kori-kura muke ɗora hoton mamaci, kamar buhun gawayi," ta ce. "Wannan kuwa, tun daga nesa za a san wanda ya mutu mutum ne. Tana iya tafiya a hankali?"

"Ba don haka aka yi ta ba."

"Ban tambaye ka don me aka yi ta ba."

"Tana iyawa. Sai dai a san yadda ake lallaɓa kuloci, in ba haka ba ta yi zafi."

"Kai ka sani?"

"Na sani."

Ciniki bai yi tsawo ba, domin ta ga idon Sagbo, ta kuma san ba su da wata ƙofa. Za ta biya mutuware, ta ba da akwati da rumfuna da badujala da motar gawa har Alada, ta ƙara abin da za a yi girki. Za ta cika wa Misye Jamil sauran kuɗinsa, takardu su fito da sunanta. Hunsu kuma zai riƙa tuƙa mata motar duk Asabar, tana biyansa kamar sauran ma'aikata. Abin da ta bayar bai kai abin da ya zuba ba, kowa a wurin ya san haka. Ya miƙa mata makulli. Ta jujjuya shi, ta mayar masa.

"Riƙe. Kai za ka riƙa wanke ta ai."

A hanyar komawa Sagbo ya ce, "Fofo, in kwasar ƙarshe ta zo, taka ce. Ka riga ka biya ni."

"In ta zo," in ji Hunsu.

Ranar Asabar aka fito da tsohuwa. Aka ɗaura wa jar motar furannin roba da ƙyallen anko a madubi. Huwefa ce ta shiga gaba, ta rungume hoton uwarta, ba ta ce wa Hunsu ko sannu ba. Shi ne a kan gaba, motar gawa a bayansa, sai motocin dangi.

Bayan sun wuce Kalabi titi ya buɗe. Safiya ce, manyan motoci ba su fito ba, kwalta ta miƙe fes har inda ido ya tsaya. Takardu suna cikin aljihun mota, sababbi, da hatimi. A shingen farko ɗan sanda ko tsayar da su bai yi ba, cire hula ya yi. Hunsu ya sa giya ta uku, karo na farko tun ranar da ya kawo ta daga jirgi. Injin ya canza murya. Ya ji ta a tafin ƙafarsa, tana jira, kamar ba ta tsufa ba ko kwana ɗaya. Ƙafar ta ɗan nutsa da kanta. Motar gawa ta fara ƙanƙancewa a madubi.

Iska ta bugi hoton, ya karkata. Huwefa ta ƙanƙame shi da hannu biyu.

"Fofo, a hankali. Iska za ta ƙwace mini ita."

Ya ɗaga ƙafa. Ya jira har motar gawa ta cika madubin, sannan ya ci gaba a gabanta yadda aka ce masa.

A bakin Alada 'yan badujala suka sauko suka jeru, aka fara takawa da ƙafa. Daga nan har gidan tsohuwa giya ta ɗaya ce, ƙafar hagu a kan kuloci, a saki kaɗan a danne. Mata suna rawa a gefe da gefe, suna shafa motar, suna yi wa hoton kirari. Mutanen ƙauye suka fito ƙofa-ƙofa. Ya ji wani tsoho yana cewa 'ya'yan matar nan sun fitar da ita kunya, ba a taɓa kawo kowa garin nan a irin wannan ba. Sagbo yana tafe a bayan akwati cikin anko, kansa a ɗage, yana amsa gaisuwa. Cinyar Hunsu ta fara rawa. Warin kuloci yana tasowa ta ƙarƙashi, allurar zafi tana hawa, yana kallonta yana lallaɓawa har suka kai.

Da aka sauke akwati, Huwefa ta fita da hoton. Ta yi taku biyu ta dawo.

"An zuba wa direbobi abinci a rumfar baya," ta ce. "Ka je ka ci, Fofo."

Bai tashi nan da nan ba, ƙafar ta ƙi miƙewa. Yana zaune yana murza gwiwa Madam Dosi ta iso da lema, tana share wuya da hankici.

"Tonton, ka ga yadda suke kallo? Mutum uku sun karɓi lambata. Asabar mai zuwa biyu ne, ɗaya da safe a Godome, ɗaya da rana a Wida."

"Wida," ya ce.

"Ka san hanya ai."

"Na sani."

"To ka zo da wuri. Kuma ka cire furannin nan kafin rana ta cinye su, da su za mu yi na gaba."

Ya fito da ƙyar yana dafa ƙofa. Ya buɗe gaban motar don injin ya sha iska, sannan ya fara kwance furannin ɗaya bayan ɗaya.